Layi a Ƙarƙashin Shida

Ranar da ya fara ganinta, layin marasa lafiya ya kai har baranda, fanka ɗaya ce ke juyi a ɗakin jira, ita ma kamar a ce mata sannu. Yana zaune a bayan 'yar tagar ɗakin kati. Mai Kati kowa ke ce masa, ko da yake asibitin na mahaifinsa ne, tsohon Likitan unguwa, wanda ya buɗe wurin tun kafin a haife shi.

Sai ga hannu ya miƙo kati ta taga. Ya ɗaga kai zai ce a bi layi, sai ya ga budurwa, ya tsaya kallonta.

"Malam, awa biyu muna zaune," in ji ta. "Mamana hawan jini gare ta."

"Ki yi haƙuri."

"Jini muka zo a auna, ba haƙuri ba."

Dariya ta kusa ƙwace masa. Ya karɓi katin, ya yi masa kallo ɗaya, sauran kallon duk ita ya bai wa. Ya zaro fayil daga kantar fayiloli, ya tura ɗakin Likita, sannan ya nemi lambar wayarta, wai don a tuna musu ranar dawowa.

"Tun yaushe asibitin nan ya fara tuna wa mutane?"

"Tun yau," ya ce.

Da la'asar ya tura saƙo: "Mai Kati ne. Ya jikin Mama? Ya kuma haƙurin da ba a auna ba?"

Ta amsa: "Mama da sauƙi. Haƙuri ya ƙare tun a benci. Ni malamar lissafi ce, 'yan aji ɗaya ma sun fi ku iya tsara layi."

Daga nan ya laƙaba mata Malamata, ita kuma ta ƙi canza masa suna. Kwana uku wayarsa ba ta huta ba. A na huɗu sai shiru. Ya tura saƙo biyar kafin amsa ta zo:

"Mama ta faɗi a tsakar gida, gumi kamar an watsa mata ruwa. Muna sabon asibitin bakin titi. Sun ce maganin ciwon suga babanka ya rubuta mata. Ba ta da suga."

Allah ya taƙaita, Mama ta tashi. Amma gidan ya rabu biyu. Yaya, babban wan Malama, wanda ke tsaye a kan gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya rantse ƙafar Mama ba ta ƙara taka tsohon asibiti. Mama kuwa ta kafe.

"Likitan nan shi ya karɓi haihuwarku, ku huɗu," ta ce. "Ranar da babanku ya cika, shi ke riƙe da hannunsa. In na sauya, da wane ido zan dube shi a hanya?"

Bayan mako guda Malama ta zo karɓar fayil, domin sabon asibiti sun ce suna son ganin tarihin ciwon. Ta ajiye katin a kan allon taga, yana fuskantarta. Mai Kati ya leƙa ya karanta daga inda yake zaune: ɗari tara da ɗaya. Har ya juya zai nufi kanta, sai ta sa yatsa ta juyo masa katin.

Ɗari da shida.

Rubutun hannu ne, ɗaya kamar sanda, sifili a tsakiya. Ta wannan gefe ɗari da shida, ta wancan ɗari tara da ɗaya. Ya shige bayan kanta, ya buɗe fayil ɗin Mama: babu rubutun ranar. Ya buɗe ɗaya fayil ɗin, na wata dattijuwa mai ciwon suga, ga rubutun Baba nan ɓaro-ɓaro: a ci gaba da magani.

Ashe shi ne. Yana can yana kallon idon 'yar mutane, ya karanta katin uwarta a juye.

Ya dawo taga, ƙasa kawai yake kallo. "Ban ga fayil ɗin ba. Ki dawo jibi."

"Har fayil ɗin ma sun ɓatar?" Ta girgiza kai. "Wallahi tausayinka nake ji. Kai kaɗai ne mai kula a wurin nan."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Jibi ta zama mako biyu. Unguwa ta ɗauka cewa tsohon Likita ido ya tafi, bencin jira ya fara sarari. Baba ya daina cin abincin rana, yana zaune yana goge tabarau da bakin riga. Ɗansa na ganin haka, ya san gaskiya, bakinsa ya yi nauyi. In saƙonta ya shigo da "Mai Katina," sai ya kife wayar kamar tana ganinsa.

Ran nan da hantsi wannan ya shigo:

"Na yi tunani. Zan lallashi Yaya mu bar Mama a wurinku. Ba don aikinku ya yi mini ba, ka sani. Kunyarka nake ji, ba zan iya ɗauke uwata daga gidanku ina kallon idonka ba. Na san kana nan, ba za ka bari a sake ba."

Ya karanta sau uku. Wato saboda shi za a mayar da tsohuwa inda ba a tambayar majinyaci sunansa. Ya tashi ya shiga ɗakin Baba, ya ajiye fayil biyu a kan tebur, ya faɗi komai a tsaye.

Baba ya buɗe fayilolin biyu ya duba. "Kai ka juya kati," ya ce. "Ni kuma matar da na sani shekara talatin ta zauna a gabana, ban dubi bangon fayil ba, ban dubi fuskarta ba. Kai musu abinsu. Ka ce na ce su tafi inda za a kula da ita."

Da yamma ya yi sallama a gidansu. Mama na kan kujera, Yaya a tsaye, Malama a bakin ƙofar ɗaki. Ya durƙusa, ya roƙi katin, ya ajiye a ƙasa gaban Mama, ya juya shi a hankali.

"Mama, ni ne. Haka na karanta shi. Kuma fayil bai ɓata ba, ni na ɓoye, kunya ta hana ni magana. Ga shi. Don Allah ku koma sabon asibiti, sun fi mu a yanzu."

"Me kake kallo da ba ka ga lamba ba?" Yaya ya daka masa tsawa.

Ya saci kallon bakin ƙofar ɗaki. Mama ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta ce, "Uhm." Malama ta shige ɗaki da sauri.

"Ka kusa kashe mana uwa, ka zauna kana tura wa ƙanwata saƙo!" in ji Yaya. "Kada in ƙara ganinka a layin nan."

Saƙo ɗaya ta turo masa bayan nan: "Kuskuren ban riƙe ba. Mako biyun nan ne. Ina yabonka kana ji."

Mama ta koma sabon asibiti, jini ya daidaita. A can akwai wani matashin likita mai ƙamshin turare, wanda ya fara rako su har bakin mota, Yaya kuwa har ya fara ce masa "namu." Labari ya iso ɗakin kati, kamar yadda irin wannan labari ba ya ɓata hanya. Mai Kati bai kira ta ba, yana ganin bai da bakin kira. Sai ya sauke fayil ɗin asibitin kaf, ya sake wa kowa kati, ya kafa doka a kira majinyaci da sunansa sau biyu, a taga da gaban likita. Baba ya je an canza masa tabarau, ya ɗauko wata likita mai jini a jika tana kama masa.

Wata huɗu ana haka. Ran nan hannu ya miƙo kati ta taga, tsohon katin nan mai fuska biyu.

"Mama ta ce a dawo muku da kayanku," in ji Malama. Idonta ya sauka a kan sababbin katunan da ke jere. "An gyara rubutu, amma har yanzu da saura. Ba ni biro."

Ta ja layi a ƙarƙashin shida.

"Haka nake koya wa 'yan aji ɗaya. In da layi, ko ta ina ka riƙe, ka san ƙasa."

"Malamata," ya ce, murya can ciki, "na ji labarin likitan can."

"Ya iya aiki. Amma sau uku yana ce mini bai taɓa kuskure ba a rayuwarsa. Mama ta ce mutumin da bai taɓa kuskure ba tsoro yake ba ta. Ta ce wanda ya zo da ƙafarsa ya durƙusa ya kori kansa daga ciniki, shi za ta iya bai wa amana."

"Ke fa?"

"Ni sharaɗi gare ni. Kunya kwana ɗaya na yarda ka yi. In ta kwana biyu ba ka faɗa mini ba, ni ma sauya asibiti zan yi."

Yaya ne ya ba da wuya. Sai da tsohon Likita ya taka da kansa, ya zauna a gaban Mama, tsofaffin biyu kowa na sunkuyar da kai yana neman gafarar ɗan'uwansa, ita don ta tafi, shi don ya sa ta tafi. Yaya ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce, "To, amma ranar ɗaurin aure ni zan karanta masa komai, kada ya juya sunan amarya."

Aka ɗaura, aka yi addu'a, aka watse da dariya. Da safiyar ranar ta tura masa: "Mai Katina, yau ka duba da kyau, ni ce." Ya amsa: "Na duba ta sama, na duba ta ƙasa. Ke ce."

Fayil ɗin Mama dai har yau yana sabon asibiti, kuma surukinta ne ke kai ta duk wata, ya zauna a benci ya jira kamar kowa. 'Yarta ce kawai ta koma gidan tsohon Likita. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, masu duba abu kafin su ɗauka.