Albasar Iri

A garin Sanyinna, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, an yi wata yarinya da ke zaune da uwarta, su biyu kawai. Ba 'yan garin ba ne. Daga Fakku suka taso bayan rasuwar uban yarinyar. Gidansu yana can ƙarshen unguwa, inda ba mai wucewa sai awaki.

Uwar mace ce mai ƙwazo, amma ba ta da yawan magana. Ba ta shiga gidan kowa. Ko gishiri ba ta nema wurin maƙwabta. Takan ce hannun da ya saba karɓa ba ya iya riƙe fartanya.

Yarinyar tana zuwa makarantar firamare. 'Yan mata kaɗan ne a ajinsu, kuma kowace da ƙawarta tun ta yarinta. In an fita tara, sai ta zauna gindin itacen bedi ta ci dafaffen rogonta ita kaɗai. In an tashi, ita kaɗai take komawa gida.

Abin da ke ɗebe mata kewa shi ne lambun bayan gidansu. Akwai rijiya a ciki. Akwai tumatir da yakuwa da barkono, sai albasa fangali fangali. Da lambun nan suke miya, da shi suke sayen hatsi. Kowace safiya yarinyar takan ja guga ta yi ban ruwa kafin ta tafi makaranta.

Sanyi ya fara ja da baya. Safiya da ɗari, rana kuwa ta soma zafi. A lokacin ne wasu albasu suka fara fitar da dogon kara a tsakiyar ganye. Uwar ta nuna mata yadda ake karya shi. Ta ce in an bar karan ya yi fure, albasar ba za ta yi kai ba.

Yarinyar ta bi fangali biyu ta karye su tas. Uwar ta duba, ta ce aikin ya yi kyau. Daɗi ya kama yarinyar ƙwarai, don ba kullum take jin irin wannan daga bakin uwarta ba.

To, akwai wani fangali guda a jikin darni. Wannan uwar ce ke kula da shi da kanta. Albasar iri ce, wadda ake bari da gangan ta yi fure, furen ya bushe, a sami ƙwayar da za a shuka baɗi. Amma uwar ba ta taɓa faɗa wa yarinyar haka ba. Ita ma yarinyar ba ta taɓa tambaya ba.

Ran nan babu makaranta. Uwar ta ɗauki kwandon tumatir ta tafi kasuwar Tambuwal. Gida ya yi tsit. Yarinyar ta yi shara, ta wanke ƙore, ta rasa abin yi. Tana jin muryoyin yara can nesa suna wasa. Ba wanda ya zo kiranta.

Sai ta shiga lambu. Ta tsaya gaban fangalin jikin darni. Kararen albasar sun yi tsawo har ƙugunta, kowanne da dunƙulen farin fure a kansa, ƙudan zuma na ta kewayawa.

Ta ce a ranta, aiki ya yi wa Inna yawa har ta manta da wannan. Bari in hutar da ita.

Ta durƙusa ta fara karyawa. Ba ta bar ko ɗaya ba. Ta tara furannin wuri guda, ta share wurin fes. Sannan ta je bakin ƙofa ta zauna tana jira.

Da la'asar uwar ta dawo. Yarinyar ta karɓi kwando, ta ja ta zuwa lambu tana murmushi.

Uwar ta ga tarin furanni. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya ta duba. Daga baya ta zauna a bakin rijiya.

"Wa ya sa ki wanga aiki?"

"Ba kowa, Inna. Na ga kamar kin manta da su."

"Wagga albasa ta iri ce, ɗiyata. Irin ubanki ne. Da shi munka taso daga Fakku. Baɗi mi za mu shuka?"

Yarinyar ta dubi tarin furannin. Ta tambaya ko za su sake tohowa in ta ƙara musu ruwa. Uwar ta girgiza kai. Ta ce zafi ya kusa, lokacin fure ya wuce.

Ba ta doke ta ba, ba ta zage ta ba. Amma gidan da ma can shiru gare shi, sai shirun ya ƙaru. Suna cin tuwo a akushi ɗaya, ba mai duban wani. Yarinyar takan je fangalin ta zuba ruwa duk da haka. Ba abin da ya fito.

A makaranta, malaminsu, Malam Almu, ya lura ta daina ɗaga hannu. Da aka fita tara, ya same ta gindin bedi, rogonta a cinya ba ta taɓa ba. Ya tambaye ta ko ba ta da lafiya. Sai hawaye suka zubo, ta ba shi labari duka.

Malam Almu ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce akwai wata tsohuwa, Dada, a bayan masallaci. Tana da fangalin albasar iri babba, ga shi ciwon baya ya hana ta jan guga.

"Malam, Inna ba ta roƙo."

"Kin tambaye ta?"

"A'a."

"To, kin ga inda kika faɗi da fari. Kada ki koma faɗuwa wuri guda. Ki je ki tambaya."

Da ta koma gida, ta tarar da uwarta tana tsinkar yakuwa. Ta durƙusa gefenta. Ta faɗi abin da Malam ya ce. Uwar ta ci gaba da tsinka kamar ba ta ji ba. Sai da ƙwaryar ta cika, ta miƙe, ta ɗauko mayafinta, ta ce, "Wuce mu tafi."

Dada ta karɓe su da fara'a. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Ta ce ashe baƙin Fakku suna da ƙafafu, ita ta zaci a kafe suke kamar turmi. Da ta ji abin da ya faru, ta yi dariya har da tari. Ta ce in iri ya bushe za ta ɗibar musu kyauta.

Uwar ta gyara zama. "Allah shi saka, Dada. Amma ba roƙo munka zo ba. Ɗiyata za ta yi maki ban ruwa har iri shi nuna. Ki yanka mata rabonta."

"To, cikin kashi biyar ta ɗauki ɗaya."

"Cikin uku. Rijiyarki ta fi tamu zurfi, na leƙa da munka shigo."

Dada ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Na ba ki kyauta kin ƙiya, yanzu kuma kina son ki tsiyata ni?"

Suka yi ta ja. Dada ta ce yarinyar ƙarama ce. Uwar ta ce ƙarama ce amma ba ta fashi. A ƙarshe suka tsaya a kan ɗaya cikin huɗu.

Tun daga ranar, aiki ya zama biyu. Yarinyar takan gama lambunsu da safe, da yamma ta tafi na Dada. Igiyar guga ta sa hannunta ya yi kanta. Ba ta yi fashi ba ko sau ɗaya.

Ashe Dada tana da jika, Mardiya, 'yar ajinsu ce. Ranar farko Mardiya ta tsaya daga nesa ta ce, "Ke ce sarauniyar karya albasa? Dada, ki ɓoye tsintsiya kada ta karye ta." Yarinyar ta ji kunya, amma dariya ta kuɓuce mata. Kashegari Mardiya ta kama mata igiya. Kafin mako ya zagayo, tare suke tafiya makaranta.

Yanzu yarinyar ba ta taɓa komai sai ta tambaya. Wannan ciyawa ce ko shuka? Ruwan ya isa ko a ƙara? Dada ta ce tambayoyinta sun fi na alƙali, amma tana amsa mata duka.

Zafi ya shigo sosai. Fararen furanni suka bushe, baƙar ƙwaya ta bayyana a ciki. Dada ta ce yanzu ne lokacin yanka. Suka shanya kawunan a tabarma, suka murje, suka sheƙe. Aka raba kamar yadda aka yi alkawari.

Yarinyar ta kawo rabonta gida a cikin ƙaramin gora. Uwar ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta duba da kyau, ta hura.

"Ba irin ubanki ba ne," in ji ta. "Wancan ya tafi. Amma wanga guminki ne, kuma iri ne mai kyau. Baɗi muna da albasa in Allah ya so."

Ta toshe bakin goran. Sannan ta ce ita ma da laifinta, da ta buɗe baki ta faɗa mata tun farko, da ba a yi hasara ba. Ta jawo yarinyar jikinta, suka zauna a inuwar darni suna hira har aka kira magariba.

Yara, kyakkyawar niyya ba ta isa ita kaɗai ba. In ba ku san dalilin abu ba, ku tambaya kafin ku sa hannu. Ku kuma manya, ku riƙa yi wa yara bayani.