Foldar Don Evaristo

Magariba ta wuce, ni kaɗai na rage a ɗakin kwamfutocin jami'armu a birnin Manizales, kofi na huɗu ya huce a gabana. Gobe zan miƙa bincikena kan ruwan saman da ke sauka a tsaunin La Palma, amma littafin intanet da nake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinsa ya ƙi ganin fayilolina. Duk sanda ya katse ya dawo, sai ya manta foldar da yake ciki, ya koma inda ya fara. Gajiya ta sa ni ma na manta sunanta.

Sai na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani tsoho mai malafa na tsaye a bayana. Na ɗauka sabon maigadi ne.

"'Yata, mayar da shi foldar Evaristo," in ji shi.

"Haba Baba, ai ba a ƙara komai cikinta ba tun watan Afrilu."

"Gwada dai. Ni ma kullum inda na fara nake tsintar kaina, amma ban fasa awo ba."

Na sauya foldar. Ga awon kowace rana, har na safiyar yau. Alhali Don Evaristo, manomin da ke karanta mana ma'aunin ruwan sama, ƙasa ta zaftare ta binne shi da ma'aunin a Afrilu.

Ban juya ba. Laka mai sanyi ta ɗigo a kafaɗata.

"Ruwan yau ya fi na ranar da ƙasa ta binne ni yawa," ya ce. "Gaya wa mutanen gindin tsaunin kada su kwana can."