Hujin Basilla

Bushira tana tsaye a bayan rumfar mahaifinta, riƙe da kwanon furar da ta kawo masa, ta hango Khalil ya taho yana tura keke, tayoyin duka biyu sun kwanta a ƙasa.

Ba ta gaishe shi ba.

"Bushira, hasken raina... ki bari in yi maki bayani."

"Mi za ka ce man, Malam? Jiya Baba ya tara dattawan Jandutsi tun la'asar, suna zaune bisa tabarma har aka kira magariba. Mi ya rage ka faɗa?"

Mahaifin nata, Malam Arzika, shi ne mai facin keke a bakin hanyar Jandutsi. Khalil kuwa malamin firamare ne, daga Jega yake tuƙo kekensa kullum da safe tun shekarar da aka yanke jihar Kebbi aka turo shi makarantar garin. Hanyar cike take da tsidau, ƙayar nan da ba ta barin taya lafiya, don haka tun makonsa na fari ya zama ɗan rumfa. Malam Arzika ya so shi. Ya tsaga tsohon tub ya shimfiɗa masa a cikin taya don kada ƙaya ta kai ga na ciki, ya koya masa ya riƙa matsa taya da yatsa kafin ya hau, ya daina bin gefen hanya inda ciyawa take, ya kuma riƙa yawo da famfo da sholisho da 'yan faci a jaka.

Faci ya yi sauƙi, amma Khalil bai daina zuwa ba, kuma kullum daidai lokacin da Bushira ke kawo fura. Sai bayan soyayya ta yi ƙarfi ya gaya mata yana dariya cewa da kansa yake soka wa tayar ƙaya idan ya kusa rumfa, don ya sami dalilin zama. Ta yi dariya har da hawaye a ranar. Ta gaya wa innarta, ita kuma ta gaya wa Baba.

Mahaifiyar Khalil, Inna Gudiya, ba ta taɓa son zancen ba. A ganinta sabuwar jiha ta zo, ɗanta zai iya samun kujera a Birnin Kebbi, bai kamata ya ƙare da ɗiyar mai faci ba, alhali ga Zahra'u ɗiyar ƙanenta a Maiyama. Khalil ya dage har ta yi shiru. Aka sa ranar da Bappansa Yusufu zai zo neman aure, Khalil zai goyo tsohon a keke. Jiya ce ranar, ta wuce ba su zo ba.

Yanzu ya durƙusa gaban Malam Arzika yana bayani. Ya ce sun fito lafiya, sun yi nisa tayar baya ta sace. Ya sauke Bappa ya yi faci, suka hau, ta sake sacewa, ta gaba ma ta bi ta. Ya yi ta liƙi har facin jakarsa ya ƙare. Bappa ga ciwon ƙafa, ba ya iya tafiyar ƙasa, rana kuma ta faɗi, dole suka bi amalanken shanu suka koma Jega.

Malam Arzika ya taso. Ya kifa keken, ya zare tub ɗin, ya ba shi iska ya tsoma a kwanon ruwa. Kumfa ta taso nan, ta taso can. Ya shafa cikin tayar da tafin hannu, bai ji ƙaya ba, bai ji ƙusa ba. Shimfiɗar da ya yi tana nan lafiya lau. Hujin duka a gefe suke, a jere, inda taya ba ta taɓa ƙasa.

"Wanga ba aikin hanya ba ne, Malam Khalil," ya ce a hankali. "Hannu ne. Kuma ina da labarin hannunka ya iya."

Bushira ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta dubi Khalil, tana jiran ya musa, ya rantse, ya yi faɗa ma in ya so. Ta ga ya ƙura wa hujin ido, fuskarsa ta canja.

"Ka ce ba kai ba ne," ta ce. "Khalil... ka ce man kawai, zan yarda."

"Ba ni ba ne."

"To wa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, bai ɗago ba.

Ta ajiye kwanon ta shige gida. Malam Arzika ya liƙe tub ɗin duka biyu kamar yadda zai yi wa kowane baƙo, ya miƙa masa kekensa, ya ce daga yau ya nemi wani mai facin.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta ci abincin kirki ba. Matan unguwa suna yi mata jaje a fuska, a rijiya kuma suna cewa malamin boko ya ɗanɗana hira ya gudu. Khalil ya aiko sau da yawa, ya tsaya a ƙofar gida ana yi masa sallama da ita, ba ta fita ba. Sau ɗaya ta aika masa da cewa suna kawai take so, wanda ya huda tayar. Bai aiko da amsa ba. Kafin hutun ƙarshen shekara ya nemi a canja masa makaranta.

Akwai Tamu, mai fataucin albasa daga Aliero, wanda ya daɗe yana nemanta tana kauce masa. Da ya dawo da maganar, Baba ya ce ba zai tilasta mata ba, ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce ta amince. Ba sonsa take yi ba, so take a daina kallonta da tausayi. Aka ɗaura aure bayan an cire albasa, aka kai ta Aliero. Tamu ba mugu ba ne, yana fita kunyarta a komai, sai dai ko kusa bai san hanyar zuciyarta ba, ita ma ba ta nuna masa ba.

Tana goyon ɗanta na fari aka yi wani suna a Maiyama, dangin Tamu ne, suka tafi a motar albasa. Cikin matan da suka cika tsakar gidan har da Inna Gudiya, wadda ba ta taɓa ganin Bushira ido da ido ba. Hira ta kai kan 'ya'yan zamani masu taurin kai, sai tsohuwar ta gyara zama tana ba da labarin yadda ta ceci ɗanta. Ta ce ranar da za a je nema masa auren ɗiyar mai faci, yana masallaci ta ɗauki basillar ɗinkin buhu ta bi tayoyin kekensa tana tsikara, kaɗan-kaɗan yadda iska ba za ta fita lokaci ɗaya ba. Ga shi yau yana zaune lafiya da Zahra'u. Mata suka yi ta dariya, wata har da tafa mata.

Bushira ta miƙe ta fita.

Khalil yana waje cikin maza, ya yi ƙiba kaɗan, da makullin babur a hannu. Da ya gan ta ya taso, suka tsaya a gindin dalbejiya inda kowa ke ganinsu.

"Na ji daga bakin Inna," ta ce. "Yaushe ka sani?"

Ya juya makullin a hannunsa.

"Tun a rumfa. Ina ganin hujin na tuna na ga basilla a hannunta da na dawo sallah."

"Kuma ka bar Baba ya kira ka maƙaryaci. Ka bar ni ina kuka har idona ya kumbura..."

"Uwata ce, Bushira. Da wane baki zan faɗi sunanta gaban mutane?"

"Ba gaban mutane na ce ba. Ni kaɗai."

"Da na faɗa maki, za ki iya zama gida ɗaya da ita?"

"Da ka bari ni na zaɓa."

Idanunsa suka cika. Ya ce har yau bai daina tuna ta ba, ko rana ɗaya. Da a da ne, wannan maganar kaɗai ta isa ta hana ta barci don murna. Yanzu ta saurare ta har ƙarshe, ba ta ji komai ba sai gajiya.

"Kada ka sake faɗin haka, Malam. Matar wani ce ni."

Yaron ya motsa a bayanta, ta gyara goyon. Daga bakin titi Tamu yana ɗago mata hannu, direba ya tayar da mota. Ta je ta hau, ta zauna a gefen mijinta. Ya dubi fuskarta ya tambaya ko lafiya, ko wani ya ɓata mata rai a gidan sunan.

"Hayaƙin girki ne," ta ce. "Mu tahi gida."