San da Aka Ɗaure wa Hajiya Ramatu

Mutane kan zo ofishin 'yan sanda saboda an sace musu dabba. Hajiya Ramatu kuwa ƙarar san da aka kawo mata ta shigar.

"Sufeto, na dawo daga kasuwa na tarar da shi ɗaure a bayan gidana a Albarika. Kafin la'asar hotonsa ya gama gari."

Sufeto Rilwanu ya san labarin. Ita ce shugabar kwamitin kasuwanni a majalisar gundumarsu, 'yar adawa tilo mai riƙe da muƙami. An ce san cin hanci ne aka ba ta, washegari majalisa ta tsige ta, ko bakinta ba a ji ba.

"Shekara tara ina gina sunana," in ji ta. "Jiya 'yata ta ƙi zuwa makaranta."

Tausayinta ya kama shi, amma bai nuna ba. Ya je ya duba san. A ƙugunsa an aske layi uku da almakashi, sabo fil.

A kasuwar shanu ta Guéma ya sami Sanoussi, mai sayar da dabbobin da ya rantse wa majalisa cewa shi ya ba Hajiya san don ta ba shi fili.

"Kyauta ka ba ta?"

"Kyauta, ranka ya daɗe."

"A nan yaushe ake aske wa sa shaida?"

"In an sallama wa mai saye mana. Ko yaro ya sani."

"To wa ya sayi kyautar taka?"

Sanoussi ya hau gyaran hular da ba ta karkace ba. Can ya ce a tambayi mutanen garin Djougou.

A Djougou ba a sha wahala ba. Wata tsohuwa mai goro ta kalli hoton shaidar sau ɗaya.

"Shaidar gidan su Labaran ce, ɗana. Tun kakanninsu ita suke yi wa huhun goro. Ko tsintsiya suka saya sai sun zana mata."

Labaran ɗan majalisa ne na jam'iyya mai rinjaye, shugaban kwamitin ayyuka, kuma shi ya kawo ƙudurin tsigewar. Sufeto ya same shi a harabar majalisa.

"Ban san wani sa ba," in ji Labaran.

"Ƙaninka Mansour ya sani. Ya ce ka aike shi ya saya, hannunsa ya yi abin da ya saba."

Labaran ya zauna a hankali.

"Wawa! Na ce masa kada ya bar alama. Matar nan ta hana surukina rumfuna, me kake so in yi?"

Aka sa masa ankwa. Shugaban majalisa ya fito da sauri, babbar riga na jan ƙasa.

"Doucement, Sufeto, a hankali! Zargi ai ba hukunci ba ne. Muƙaminsa na nan har kotu ta yi magana."

Hajiya Ramatu tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ni fa, Shugaba? Wace kotu ce ta yi magana a kaina?"

"Hajiya, wannan kuma an riga an kaɗa ƙuri'a."

Ran Sufeto ya ɓaci, ga shi nan ikonsa ya tsaya. Ya tura Labaran cikin mota, ya dawo ya miƙa mata kwafin sabon bayanin Sanoussi, inda ya amsa cewa ƙarya ya yi mata.

"Kujera ba ta hannuna, Hajiya. Wannan dai ki ba 'yarki ta tafi da shi makaranta."