Fulawar da Ta Juya wa Inna Ƙeya

"Kai, dawo ka gani da idonka, kada a ce tsufa ke sa ni surutu."

Gwani mai aski ya juyo daga bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Shi ya raɗa wa kansa wannan suna, ya kuma rubuta a goshin shago kafin kowa ya yi gardama. Inna, mahaifiyarsa, na zaune a lungun falo, inda aka ajiye mata kujera tun da ta dawo gidansu da zama. Ta nuna tukunyar fulawar da ke kan tebur da sandarta.

"Da hannuna na juyo ta ta fuskance ni. Dubi yanzu. Ganye, fure, duk sun ba ni ƙeya. Har tsiro an hure wa kunne a gidan nan."

Amarya, matar Gwani, ta leƙo daga kicin. "Inna, haske take bi, taga take kallo."

"To ni duhu ce ke nan. Ka ji ko?"

Fulawar nan mai jan fure Gwani ne ya kai wa Amarya tun yana zuwa zance, har da ƙaryar shi ya raine ta. Ita kuwa ta riƙe ta kamar 'ya. Sai ta tsoma yatsa ta ji ƙasar ta bushe take ba ta ruwa, ta goge ganyen da tsumma mai laima, rana mai zafi kuma ba ta taɓa barin ta faɗa mata ba.

Inna ta yanke hukunci: ko tukunya ta fita, ko ita ta koma gidan 'yarta. Amarya ta ja shi gefe, hawaye shaɓe-shaɓe. "Don Allah, kada ka fara. In ka fitar da ita, ka haɗa da akwatina."

"Haba, 'yar gidan Gwani. Ni da nake kwantar da gashin da ya gagari masu digiri, ganye ne zai gagare ni?"

Da Inna ta shiga wanka ya ɗauko koren zare, ya ɗaɗɗaure rassan, ya janyo su ya ƙulle a ƙafar tebur. Fulawa ta sunkuya ta fuskanci lungu kamar mai neman gafara.

Inna ta fito ta gani, baki har kunne. Ta miƙa hannu za ta shafa, yatsa ya harɗe da zare. Ta bi shi a hankali har ƙafar tebur, sannan ta ɗago.

"Wato da igiya ake sa ta gaishe ni."

"Inna, ai... sabon fashin ne, shi ake yayi."

"Uwarka ce fashin."

Ta tsinke zaren. Reshe ya yi tsalle, furannin da ba su kai ga buɗewa ba suka zubo ƙasa. Amarya ta durƙusa tana tsince su. Inna ta shige ɗaki, aka ji ƙarar zif ɗin jaka. Gwani ya tsaya tsakanin uwa da mata.

Daga durƙuson nan Amarya ta ɗaga kai ta dubi lungun. Ba taga, ba iska, sai bango da bayan firji. Nan tsohuwa take wuni ita kaɗai, su suna wajen aiki.

"Kama mini kujerar nan," ta ce wa mijin.

Suka janye keken ɗinkinta daga bakin taga, wurin da ta fi so a duk gidan, suka sa kujerar Inna. Ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Inna, kafin a samo mota, ki zauna nan ki sha iska."

Inna ta zauna da jaka a cinya, fuska a murtuke. Sai ga titi gaba ɗaya a gabanta. Ta gyara wa mai kayan miya lissafi ta taga, ta tsawata wa mai babur, ta gano maƙwabciya na shanya ba ta matse wanki. Aka yi maganar mota, ta ce yamma ta yi, sai gobe. Goben ba ta zo ba.

Fulawa ta yi fushinta na ɗan lokaci, sannan ta yi sabon toho, ta karkato wajen taga, daidai kafaɗar Inna, ta buɗe ja wur.

"Ta dai gane babba," in ji Inna. "Ke 'yar nan, yau kin taɓa ƙasar kuwa? Kada ki kashe mini ita da ƙishi."

A shago Gwani ya rantse wa duk wanda ya zauna a kujerarsa cewa dabararsa ce, kuma wanda reza ke wuyansa ba ya musu.

Masu aure, ku ji da kyau: zuciya ba ta juyuwa da zare. Wanda ya cika ƙorafi a gidanku, kafin ku ce rigima ce, ku duba inda kuka zaunar da shi. Amarya ta haƙura da tagarta, ta tsira da furenta, da mijinta, da uwa a kan kari.