Tawada a Yatsan Malam Mikail

A wata muhawarar makarantu a Goron Dutse Malam Mikail ya fara ganin Sa'ida. Yana tsaye yana zuba bayani kan masanan Turai na da, masu cewa mulki amanar talakawa ce, sai idonsa ya faɗa kan wata malama tana gyaɗa kai. Nan take jawabi ya kwance masa.

Lokacin sojoji na shirin sauka daga mulki. Zancensu a zauren gidan su Sa'ida a Dala rabi soyayya ne, rabi darasin tarihi.

"Malamina, kai ka sa na yi rajistar zaɓe," in ji ta. "Har Inna da matan yayyena na ja."

Ya yi murmushi. Shi bai yi ba. Sau nawa soja suka yi alkawari suka saɓa? Yana ta raina layin rajistar har aka rufe.

Ranar zaɓen ƙananan hukumomi gogan naku ya dangwala babban yatsa a tawadar hatimi don a zaci ya yi zaɓe, ya tafi zance.

"Kai ne abin alfaharina," in ji Sa'ida tana kallon yatsan.

Maganar nan ta fi mari ciwo. Ya kasa cin tuwo. Washegari ya koma, kansa a ƙasa.

"Sa'i, ƙarya na yi miki. Ko kati ba ni da shi."

Ta miƙe tsaye. "To me kake koya wa yaran mutane?" Ta shige gida tana kuka.

Mahaifinta, Alhaji Maharazu, wanda ya sha kulki a ƙuruciya saboda siyasa, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafar Mikail a gidansa. Ga Ɗahiru mai shagon yadi ma ya fara aiko gaisuwa.

Ran Litinin Mikail ya faɗa wa ɗalibansa gaskiya, kunya kamar ya nutse. Ranar zaɓen gwamna kuwa ya fito da Vesparsa, ya wuni yana jigilar tsofaffin unguwa zuwa rumfar zaɓe. Da ya hango Alhaji yana ɗingishi da ciwon gwiwa, sai ya tsaya.

"Baba, hau in kai ka."

Alhaji ya harare shi, amma ya hau. Da suka isa Alhaji ya tambaye shi.

"Mutum nawa ka kawo?"

"Ban ƙirga ba, Baba. Duk yawansu ba za su maye gurbin ƙuri'ata ba."

"Haka ne. Ka turo manyanka."

Bayan farar hula sun karɓi mulki aka ɗaura aure, aka yi ta sa albarka. Amarya ta dube shi ta ƙasan mayafi.

"Na yafe maka, Malamina. Amma zaɓe mai zuwa kai ne a gaba, ni a bayanka."

"Shekara huɗu fa, Sa'i."

"Tare za mu jira. Allah Ya kai mu."