Daren da Na Goge Sunan Yaya

Oganmu ya dawo daga wani ɗan kwas da sabon tabarau, ya ce daga yau ba mai izinin admin, wato ikon canza komai, a kwamfutocin ofis sai shi. Mutumin da ko firinta sai an kunna masa.

Ni aka bar wa aikin cire sunayen sauran masu izinin, har dare ya yi mini. Ban yi makarantar kwamfuta ba, a bayan kujerar yayana na koya, da ya rasu na gaji teburinsa. Sunansa da ke cikin kwamfutocin ne kawai na kasa taɓawa tun lokacin. Ranar na runtse ido na goge.

Ina haɗa jakata sai na ji ana danna kibod a lungu. Wani ne zaune, ya ba ni baya. Fanka na juyawa, amma rigarsa ba ta motsi.

"Malam, an tashi fa."

Bai juyo ba. Ya sake buga lambar sirri, kwamfuta ta sake ƙi. Sai na hango 'yar fitilar maɓallin manyan baƙaƙe a kunne a jikin kibod ɗin. Mutum ɗaya na sani da kullum yake manta ta, ya ɗora wa kwamfuta laifi.

"Auta," ya ce a hankali, "ke ma kin cire ni?"